Aure A Tsallaken Iyaka: Waliyyi Ya Ɗaura, Amma A Shinge Takarda Ake Tambaya

Daga Gaya har zuwa Diffa, tsawon kilomita wajen 1,500 na iyakarmu da Najeriya, da wuya ka shiga gidan ɗan kasuwa ka tarar babu surukuta tsakaninsa da mutanen tsallake. Mutumin Ƙonni ya auro ƴar Illela, na Jibiya ya ɗauko ƴar Madarunfa, Badamagaren da ke kai shanu Maigatari kowace Alhamis yana da ɗaki a can yana da ɗaki a nan, mai buhunan wake da ke cin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi gidan surukansa yake sauka. Abin ya girmi iyakar kanta. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir, kuma tun kafin Turawan Faransa da na Ingila su aiko ma'aikatansu tsakanin 1906 da 1908 su kakkafa ƙarafan nan da kakanninmu suka laƙaba wa suna tangaraho, ana kai goro da sadaki daga wannan gari zuwa wancan ba tare da an nemi iznin kowa ba.

To amma tun shigowar shekarar 2025, duk ranar da muka buɗe layi a gidan rediyon da muke aiki, tambayar da ta fi yawa ita ce ta takardun aure. Wani ya ce matarsa Bakatsiniya ce, sun daɗe tare a Maraɗi har sun aurar da ƴa, shin ta zama ƴar Nijar ko har yanzu baƙuwa ce? Wata ta ce mijinta ɗan Tawa ne yana da shago a Sakkwato, to ƴaƴansu ƴan wace ƙasa ne? Wani kuma so yake ya san ko takardar da limamin unguwarsu ya rubuta masa ranar ɗaurin aure za ta karɓu a ofis. Amsar da ke cikin dokokin ƙasashen biyu ba mai daɗin ji ba ce, amma gara a ji ta a gida da a ji ta a bakin shinge. Auren da waliyyi ya ɗaura gaban shaidu ya ɗauru a wurin Allah da wurin jama'a, wannan babu mai ja. Sai dai a idon hukuma, ko ta Yamai ko ta Abuja, aure shi kaɗai ba ya mai da baƙo ɗan ƙasa. Dama ce yake ba mutum ya nema, kuma ba a nema da baki.

Mai karatu zai ce to me ya sa sai yanzu aka tashi da wannan magana? Dalili shi ne shekara da shekaru akwai wata inuwa da muke fakewa a ƙarƙashinta, da yawanmu ba mu ma san da ita ba. A watan Mayu na 1979, a birnin Dakar, ƙasashen ƙungiyar CEDEAO, wadda mutanen Najeriya ke kira ECOWAS, suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ba tare da biza ba ya yi kwana 90. A 1986 aka ƙara da ƴancin zama, a 1990 kuma da na kafa sana'a. Ko a wancan lokaci doka ta ce wanda zai wuce kwana 90 ya nemi katin zama, amma wa ya damu? Matar da aka kai ɗakinta tana amarya ta yi ƴaƴa ta yi jikoki, ba wanda ya taɓa tsai da ita ya ce, "Hajiya, ina katinki?"

Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka bayyana ficewarsu daga ƙungiyar, kuma ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Gaskiya ne kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin kwantar wa talakawa hankali. Ranar 14 ga Disamban 2024 ƙawancen ƙasashen Sahel na AES ya ce ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shiga da zama ba biza, bisa dokokin kowace ƙasa. Ita ma CEDEAO, ranar da aka rabu, ta umurci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na mutanenmu masu tambarinta, su bar su su shiga su zauna su yi sana'a, har sai an sake sanarwa. Wannan kalma ta "har sai an sake sanarwa" ita ce ya kamata mai mata a tsallake ya riƙe da kyau. Abin da a da yake haƙƙi rubuce cikin yarjejeniya, yanzu ya koma alfarma da kowane ɓangare zai iya janyewa ranar da ransa ya ɓaci.

Sannan ga dokar da hukumomin Yamai suka fitar ranar 13 ga Janairun 2025 game da shigowa da zaman baƙi. Ta wajabta wa kowane baƙo ya mallaki takardar tafiya ko ta zama, ta wajabta wa duk wanda ya sauki baƙo, ko da kyauta ne, ya sanar da ƴan sanda, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 a gidan kaso da tarar sefa miliyan 5 zuwa 50 ga baƙon da aka kora ya ƙi fita ko ya dawo, haka ma ga wanda ya taimaka wa baƙo ya shigo ko ya zauna ba bisa ƙa'ida ba. Mun san ba don matan aure aka yi dokar ba, matsalar tsaro ce ta kawo ta. Amma doka ba ta da ido, kuma jandarman da ke kan hanya da dare abin da ke rubuce yake karantawa.

Abin da dokokin biyu suka ce

A nan Nijar, dokar zama ɗan ƙasa ta 1984 ce ake aiki da ita, tare da gyare-gyaren da aka yi mata. A 1999 aka ba uwa ƴar Nijar damar ba ƴaƴanta ƙasarta kamar yadda uba yake yi. A watan Nuwamba na 2014 kuma aka yi babban gyara wanda har yanzu mutane da yawa a kasuwanninmu ba su ji labarinsa ba. Gyaran ya halatta wa ɗan Nijar riƙe ƙasa biyu, ya kuma daidaita namiji da mace a batun aure. Wato baƙuwar da ta auri ɗan Nijar da baƙon da ya auri ƴar Nijar duk hanya ɗaya za su bi. Sharaɗin farko shi ne auren ya kai shekara 3 da ɗaurawa bisa doka, ana zaune tare ba rabuwa. Na biyu, mai nema ya yi shekara 3 yana zaune a Nijar zama na ƙa'ida. Sai kyawun hali, da hanyar cin abinci, da sajewa da jama'ar wurin, da kuma tabbacin cewa ba shi da hannu a fashi ko ta'addanci ko fataucin ƙwaya. In an cika waɗannan, sai a ba shi ƙasa ta hanyar ƙudurin gwamnati. Wanda ba ta aure ya bi ba, shekara 10 ake nema gare shi.

Ku lura da kalmomi biyu a nan: "bisa doka" da "na ƙa'ida". Shekara 3 ɗin nan ba da yawan sallolin da amarya ta yi a gidan miji ake lissafa su ba, da kwanan watan da ke kan takarda ake lissafawa. Matar da ta shekara 20 a ɗakinta amma ba a taɓa rubuta aurenta a ma'aikatar magajin gari ba, in ta je neman ƙasa, abu na farko da za a ce mata shi ne ta kawo shaidar auren, kuma daga nan tafiyar take tsayawa.

A Najeriya kuwa labarin ya sha bamban, kuma a ganinmu akwai rashin adalci a cikinsa. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ce matar da take auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, tana iya neman a yi mata rajistar zama ƴar ƙasa, in an gamsu da halinta, ta nuna niyyar zama a can, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Takardun ta ma'aikatar cikin gida da ke Abuja suke bi, kuma shugaban ƙasa ne ke amincewa. Mata kawai sashen ya ambata. Namijin da ya auri ƴar Najeriya ba shi da rabo a cikinsa. Shi sashe na 27 ne nasa, wanda ke neman zaman shekara 15, da kuma shaidar gwamnan jihar da yake zaune cewa mutanen wurin sun karɓe shi. Abin da ma'aikatar cikin gida kan ba irin wannan miji shi ne matsayin baƙo na musamman, wanda ke ba shi damar zama amma ba ya mai da shi ɗan ƙasa. A watan Maris na 2022 an kawo shawarar gyara wannan sashe gaban majalisar dokokin Najeriya, ƴan majalisa suka yi watsi da ita, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar, amma gyaran bai shiga tsarin mulki ba. Ke nan mahaucin Tawa da ya auri Basakkwatiya a Sakkwato zai jira ninki biyar na abin da ɗan Sakkwato zai jira in ya auri ƴar Tawa ya zauna a nan.

Batun ƴaƴa ya fi sauƙi, kuma shi ne wurin da aka fi tsoratar da mutane ba gaira ba dalili. Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya ya ce yaron da ɗaya daga cikin iyayensa, uwa ko uba, ɗan Najeriya ne, to ɗan Najeriya ne ta haihuwa, ko a Kano aka haife shi ko a Damagaram. Ita ma Nijar tun 1999 haka take lissafi. Najeriya ba ta hana ɗanta na haihuwa riƙe wata ƙasa ba, Nijar ma ta daina hanawa tun 2014. Saboda haka ɗan irin wannan aure yana da haƙƙin katin ƙasashen biyu a fili, ba sai ya ɓoye ɗaya a cikin hula ba in ya hango shinge. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin takardar shaidar asali da ƙananan hukumomin Najeriya ke bayarwa, wadda ake nema wajen shiga makaranta ko aikin gwamnati ko fasfo. A al'adar ofisoshin can, asalin uba ake tambaya. Yaron da uwarsa ce ƴar Najeriya sai ya ga tsarin mulki ya ba shi, amma magatakarda na yi masa kallon baƙo. Mafita ita ce uwar ta tanadi tata takardar asalin tun da wuri, domin da ita ake kafa hujja.

Takardar auren kanta

Duk wannan magana tana komawa ga abu guda, wato takardar da hukuma ta rubuta cewa wane ya auri wance ran kaza. A Nijar dokar 2019 ta sa wa'adin kwana 60 a kai rahoton aure ko haihuwa ko mutuwa ma'aikatar magajin gari, wadda muke kira lameri, ko wurin wakilinta a ƙauye. Wanda ya wuce wa'adi ba a rufe masa ƙofa ba, sai dai hanyarsa ta ƙara tsawo, domin sai ya je gaban alƙali da shaidu a yi masa hukuncin tabbatarwa, sannan a kai hukuncin a rubuta a lameri. Lokaci zuwa lokaci alƙalai kan fita zagaye ƙauyuka su yi irin wannan zama a bainar jama'a, kuma a nan ne ya fi sauƙi da araha. In kun ji an yi shelar zuwansu, ku bar rumfa a hannun yaro ku je. A Najeriya tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi rajistar aure, kuma kotunan shari'ar Musulunci na jihohin arewa suna ba da takardar shaidar aure. Ɗan Nijar da aka ɗaura masa aure a can, da wannan takarda zai nufi ƙaramin ofishin jakadancinmu da ke Kano ko babban ofishin da ke Abuja a shigar da auren cikin littafin ƙasarsa.

Akwai wani tarko a nan wanda ya kamata ƴan kasuwa masu mata fiye da ɗaya su sani. A ƙasashen biyu aure iri biyu ne hukuma ke rubutawa. Akwai na addini da al'ada, wanda aka ɗaura a masallaci ko ƙofar gida sannan aka kai rahotonsa. Akwai kuma na boko, wanda mutanen Najeriya ke kira auren kotu, shi kuma mace ɗaya tak ya yarda da ita. Dokar auren boko ta Najeriya ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda ya yi irin wannan aure alhali yana da wata matar, ko ya ƙara aure bayansa. Wasu dillalan takardu kan ce wa mutum takardar auren kotu ce ta fi ƙarfi a ofishin jakadanci, shi kuwa Alhaji bai karanta ba ya dangwala hannu, ya dawo gida da takardar da ta mai da uwargidansa ba komai ba a idon doka. Kafin ka sa hannu, ka tambayi ma'aikaci da bakinka wane irin aure ne yake rubutawa.

Tarko na biyu shi ne rubutun suna. Mu da bakinmu suna ɗaya muke kira, amma Faransanci da Ingilishi kowane da yadda ya koya wa magatakardansa. Wanda aka rubuta Ousmane a Magarya shi ne Usman a Ɓaɓura, Aïchatou ta Tasawa ita ce Aisha ko A'ishatu a Daura, Mahamadou ya zama Muhammad ko Mohammed, Abdoulaye ya zama Abdullahi. A nan sunan yanka da na uba ake jerawa, a can sau da yawa sai a liƙa wa mutum sunan garinsu ya zama sunan dangi. Ga kuma shekarun haihuwa: dattawanmu da yawa "wajajen shekara kaza" aka rubuta musu, in sun je can kuma sai a ƙirƙiro musu rana da wata a takardar rantsuwar shekaru. A zamanin littafi da biro wannan bai hana komai ba. Yanzu kuwa da Najeriya ta ɗaure layin waya da lambar NIN tun Disamban 2020, bankuna na aiki da BVN, ana ɗaukar zanen yatsu a na'ura, kwamfuta ba ta san cewa Ousmane da Usman mutum ɗaya ne ba.

Wata baiwar Allah ta zo mana har gidan rediyo bayan ta fita takaba. Mijinta dillalin albasa ne, kuɗinsa na ajiye a wani banki a tsallake. Da ta je, aka ce ta kawo takardar gado daga kotu, kotu ta ce ta kawo shaidar aure, abin da ke hannunta kuwa wata ƴar takarda ce da liman ya rubuta da ajami, liman ɗin ya rasu, ɗaya daga cikin shaidun ma ya rasu. Sunan marigayin kuma iri uku ne: ɗaya a katinsa na nan, ɗaya a banki, ɗaya a takardun haihuwar yara. Babu wanda ya zalunce ta da gangan, kowane ma'aikaci aikinsa yake yi, amma sai da ta yi watanni tana safa da marwa da marayu biyar, kuɗin mota na cin abin da ta je nema. Da ƙanen mijin ya tashi ja da ita a kan rumfar kasuwa, rashin takardar nan ne ya fara ɗaukowa.

Kuma kada wani ya ce ai akwai gajeriyar hanya. Mun san ana yi, a samu mai unguwa ya shaida cewa wance a nan aka haife ta, a ba wani ɗan na goro, a fito mata da katin ɗan ƙasa ranar nan. Wannan katin bashi ne da za a biya wata rana, domin ranar da aka gano ƙaryar, ita da mijin da mai shaidar duk sun shiga uku, alhali doka ta ba ta hanyar samun na gaskiya. Haka kuma lambar NIN da mutanenmu ke alfahari da ita ba shaidar zama ɗan Najeriya ba ce, domin baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi.

Magabata da iyakar talaka

Ba za mu yi wannan magana mu tsallake siyasa ba, domin siyasa ce ta mai da takardar aure abin tashin hankali. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja ranar 30 ga wata suka ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma katse wutar lantarkin da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi. Kowa na da ra'ayinsa a kan juyin mulki, kuma ba shi ne batunmu ba a yau. Abin da muka gani da idonmu shi ne wanda aka hukunta. Manyan motoci sun yi layi a Illela da Magama har kaya suka ruɓe, magani ya yi tsada, an ɗaga bukukuwa, mata sun bi ɓarauniyar hanya a kan kabu-kabu don su je gaisuwar mutuwar iyayensu, suna biyan kuɗi a kowane lungu. A ra'ayinmu wannan takunkumi kuskure ne babba, kuma waɗanda suka tsara shi ba su san iyakar nan ba sai a taswira. Sanatocin arewacin Najeriya da suka ƙi yarda da batun yaƙi, da malamai da sarakunan da suka yi ta zarya zuwa Yamai cikin watan Agusta na waccan shekara, sun san cewa jihohi bakwai ne ke jingine da mu, daga Kabi har Barno, kuma duk harsashin da aka harbo a gidan suruki zai faɗa. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangare ranar 13 ga Maris, namu kuma ranar 22, amma kafin nan an riga an yi shelar ficewa.

Ba a kan wannan aka fara ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi masu ɗimbin yawa, cikinsu har da mutanenmu. Daga 1984 zuwa 1986 an rufe iyaka daidai lokacin fari, har dattawa a nan suka sa wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 an sake rufewa saboda shinkafa, kuma shugaban da ya rufe ɗin shi ne ya faɗa da bakinsa cewa yana da ƴan uwa na jini a Nijar. Mu ma namu magabatan ba za mu wanke su tas ba. Hana fitar da hatsi da wake da aka yi a Oktoban 2024 ya taɓa aljihun ƴan kasuwar iyaka, kuma musayar zargin da aka yi tsakanin Yamai da Abuja a ƙarshen Disamban wannan shekara, da harshen Hausa a gidajen rediyo da talabijin, a gidajen da uwa take nan uba yake can aka fi jin zafinta. Duk sa'ad da manya suka ɗaga murya, ƙaramin ma'aikacin da ke shinge yakan ɗauka an ba shi izni ya tsaurara.

Takardar ɗan ƙasa kuwa makami ce da ƴan siyasa suka daɗe da sanin kaifinta. A 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Barno, aka kai shi Chadi aka ajiye bisa zargin cewa ubansa ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta mayar masa da ƙasarsa. A nan ma, a zaɓen 2020, takardar ɗan ƙasa ta ɗan takara Bazoum Mohamed sai da aka kai ta gaban kotu. In masu lauyoyi da magoya baya sun sha wannan tambaya, ina ga mai tallar fura da aka auro daga Zangon Daura?

Abin da muke nema ga hukumomin biyu ba mai yawa ba ne. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya da aka kafa tun 1971, mazauninta na Yamai, ta girmi CEDEAO da shekara 4, kuma ficewar da aka yi ba ta shafe ta ba. Da ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya zo Yamai a Afrilun 2025 ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, batun farfaɗo da ita na cikin abin da suka tattauna. To ga aikin da za ta fara da shi: yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kaɗai, wadda ba ta rataya ga CEDEAO ko AES ba, da za ta sa takardar auren da lameri ta rubuta ta karɓu a ƙaramar hukuma, ta ƙaramar hukuma ta karɓu a lameri, a kuma ba matar aure ko mijin aure katin zama mai sauƙin kuɗi wanda za a karɓa a Ƙonni ko Dan Isa ko Matamai ba sai an je babban birni ba. Ana shimfiɗa layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021 don kaya su wuce da sauri, bai kamata matar mai kayan ta rasa takardar da za ta shiga jirgin ba. Kuma tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ba mu ga abin da zai hana a buga takardun aure da na haihuwa da Hausa a gefen Faransanci ba, a rubuta sunan mutum yadda uwarsa ke kiransa. Su kuma ƴan majalisar Najeriya daga jihohin iyaka, waɗanda ƴaƴansu mata ke auren mutanenmu, su ne ya fi cancanta su sake tayar da maganar sashe na 26.

Kafin manya su yi nasu, ga yadda masu bin wannan hanya suka ga ya fi sauƙi. A fara da takardar aure, tun waliyyi da shaidu suna da rai. Daga nan sai takardun haihuwar yara, a lameri in a nan aka haife su, a ofishin hukumar ƙidaya in a can ne. A zaɓi rubutun suna guda, wanda ke kan takardar haihuwa, a tsaya a kansa, in kuma an riga an sami saɓani a je kotu a yi takardar rantsuwa cewa sunayen na mutum ɗaya ne. Takardar da aka rubuta da Ingilishi a kai wa mai fassarar da kotu ta amince da shi, ba ɗan makarantar gida ba. Duk kuɗin da aka biya, na tambur ne ko na rajista, a karɓi rasit, kuma a yi hoton kowace takarda a ajiye kwafi ɗaya a nan ɗaya a gidan surukai. Takardar shaidar rashin laifi da ake karɓa a gidan shari'a, wadda muke kira kaziye, ofisoshi ba sa karɓarta in ta wuce wata 3 da fitowa, don haka ita ce za a nema a ƙarshe, bayan sauran duk sun kammala.